Shuɗin Allo a Bakin Hanyar Verna

Shekarar da hukumar gunduma ta ce lallai sai kowace gona ta sami lamba, masara ta yi tsayin da mutum ba ya hango ko rufin maƙwabcinsa. Daga tagar kicin ɗinta Verna Hruska ba ta ganin titi sam. Abin da take gani shi ne ƙurar da mota ke tayarwa ta saman masarar, kuma zaman shekara da shekaru a gonar ya koya mata karanta ta. Ta mai raba wasiƙu tana tafe tana tsayawa. Ta motar madara kauri gare ta. Ta samari kuwa kafin ka ɗaga kai ta wuce.

Wadda ta gani ran nan da hantsi ba ta yi kama da ko ɗaya ba. A hankali take tafiya, kamar mai motar ya yar da wani abu a hanya yana dubawa.

"Lorene," in ji Verna, ko juyowa ba ta yi ba. "Hau sama."

Lorene ta ajiye wuƙar da take yanka tumatir, ta hau bene ba tare da ta tambayi dalili ba. 'Yar ƙanen Verna ce, wanda ya rasu. Bara da bazara ta iso daga Texas da jaka ɗaya da yatsu biyu a ɗaure. Ta ce ƙofar mota ce ta datse ta, Verna ta ce to. Sai da aka kwana biyu kafin ta faɗi sunan ƙofar: Royce, mijinta. Ya sha gaya mata, cikin murya mai sanyi, cewa ranar da ta bar shi zai nemo ta ko ina ta shiga, kuma daga ranar ba mai sake ganin ta. Royce bai taɓa taka gonar ba. Iyakar saninsa, akwai wata gwaggo a wata gunduma a Nebraska.

Ya kuwa zo, bara da kaka. Ya tsaya a garin Zelenka, a shagon Opal, inda duk baƙon da ya shigo gundumar dole ya tsaya, don babu wani wurin tambaya. Tsofaffin da ke zaman shan kofi a teburin bakin taga suka yi masa kwatance da fara'a. Suka ce ya bi yamma har gonar Pekarek, ya karya kwana hagu a wajen makaranta, ya wuce rumbun Dolezal, daga nan ba ɓata. Ko ƙarya ɗaya ba su yi masa ba. Sai dai Pekarek ya daɗe da rasuwa, gonar ta sauya hannu har an daina ƙirgawa. Makarantar an rushe ta an shuka waken soya a wurin. Rumbun Dolezal kuwa gobara ta cinye shi, ciyawa ta rufe tokar. Haka suke yi wa junansu kwatance kullum, kuma a cikinsu ba wanda ya taɓa ɓata. Royce ya yi ta zagaye har mai ya kusa ƙare masa. Tun bai gama rufe ƙofar shagon ba Opal ta riga ta bugo wa Verna waya. Daga nan ba a sake ganinsa ba.

Verna ta goge hannu, ta bi doguwar hanyar da ta taso daga gida zuwa titi, masara hagu da dama kamar garu. A bakin titin ta tarar da farar a-kori-kura ta gunduma, da Delbert Kucera na sashen hanyoyi yana buga turken ƙarfe a ƙasa da guduma. Ta san shi tun yana yawo ba wando.

"Ɗan Kucera! Wa ya mutu kake kafa masa alama a ƙofata?"

"Ba wanda ya mutu, Verna. Don kada a mutu ɗin ne ma." Ya share gumi da bayan hannu. "Haka kike ɓullowa daga cikin masara kamar fatalwa? Kin ba ni tsoro."

"Kai ka fara ba ni. Wace irin tafiya ce wannan, kamar ka ɗauko gawa?"

"Awo nake yi."

Ya jawo wani shuɗin allo daga bayan motar, ya nuna mata. Fararen lambobi ne a jiki, 14380.

"Ina da lambata," in ji ta. "Akwati na arba'in da ɗaya."

"Wannan ai ta mai wasiƙa ce. Shi kaɗai ya san inda take, shi ɗin ma sai ya sha kofi tukuna." Sai ya shiga yi mata bayani da zumuɗin mutumin da aka tura kwas ya dawo. "Kowane mil ɗaya lamba dubu ce. Daga iyakar gunduma ta arewa ake fara ƙirge, ana gangarowa kudu. Sha huɗun nan, mil sha huɗu ke nan. Ɗari uku da tamanin ɗin kuma, kin ɗan wuce sulusin mil na gaba. Tun da cika ce ba mara ba, kina hannun gabas. Da mara ce, da kina yamma. Kuma ba gidan nake aunawa ba, bakin hanyar shiga nake aunawa, nan inda nake tsaye. Titin ma yanzu sunansa Titi na Ashirin da Bakwai."

"Sunansa hanyar Dolezal."

"Da ke nan."

"In saniya ta ture allon fa? Ko samari suka harbe shi, tun da ba allon da suka bari lafiya a gundumar nan?"

"Ai nan ne daɗin abin! Ko dusar ƙanƙara ta binne shi har wuya, direban motar asibiti ba ruwansa. Agogon mil ɗin motarsa kawai zai riƙa kallo, ya taka birki a ƙofarki. Ko da bai taɓa shigowa gundumar nan ba. Ba sai ya tambayi kowa ba."

"Ba sai ya tambayi kowa ba," in ji Verna.

Yadda ta maimaita maganar ya sa Delbert ya sauke gudumar. Ya kalli hanyar gidan, ya kalle ta. Shi ma ya san wadda ke zaune a gidan, kamar yadda kowa ya sani kuma ba mai faɗa.

"Haba, Verna. Wa zai ba mijin nan nata lambar? Ki tuna da Arlo Benesh. Ya faɗi a garke, motar asibiti ta yi ta yawo tana neman gidan, kafin ta iso ya cika."

"Arlo zuciyarsa ce ta tsaya tun bai kai ƙasa ba, likita ne ya gaya wa matarsa a gabana. Da motar a aljihunsa take ma da ba ta tashe shi ba. Amma tun da kuna son allunanku, kun tono shi kun mai da shi hujja." Ta dafa turken. "Ka tsallake ni. Ka ce ka manta."

"Doka ce. Kuma ko na tsallake ki, lambar tana nan. Ba ni na ƙirƙire ta ba, nisan ne. In kika tuge turken na dawo na kafa wani, kin dai ƙara mini aiki ne kawai."

Ya ɗaure allon, ya shiga mota. Ta tsaya tana kallonsa har ya tsaya a bakin gona ta gaba.

Kafin a fara girbi alluna sun tsiro a duk faɗin gundumar, shuɗi bayan shuɗi, har a ƙofar gidajen da ba mai kwana a ciki sai mujiya. Jaridar gunduma ta ce ci gaba ne. Fasto ma ya sa abin a addu'a. Verna ba ta ce ba ci gaba ba ne. Ta dai lura duk mai yabon abin motar asibiti yake gani a ransa, kamar ita kaɗai aka sa wa agogon mil.

Mutanen kansu ba su ɗauki lambobin a bakin komai ba. Tsofaffin shagon Opal suka mai da su abin tsokana. "Ina kwana, dubu tara da ɗari biyar? Ya ƙafar?" "Da sauƙi, dubu shida. Ka gaida madam dubu shida." In maganar zuwa wani wuri ce kuwa, sai a koma gonar Pekarek da rumbun Dolezal. Mijin Opal shi ne shugaban 'yan sa-kai masu kashe gobara, don haka aka ba shi babbar taswira mai lambobin kowa, shi kuma ya manna ta a bangon shagon, bayan kantar ciniki, kusa da kalandar kamfanin iri. Verna ta ƙi haddace lambar gonarta. In ta zo fita da mota sai ta kau da kai, kamar yadda ake yi wa wanda aka yi faɗa da shi a coci.

"Gwaggo, mene ne wancan shuɗin abin a bakin titi?" Lorene ta tambaye ta wata rana.

"Aikin banza na hukuma. Sun rasa inda za su kai fenti."

Lorene ta yi dariya, dariyar ce kuma ta hana Verna ƙarasawa. A watannin nan ne yarinyar ta fara dawowa mutum. Ta yi 'yar ƙiba. Ta daina zabura in cokali ya faɗi. Tana bin waƙar rediyo in tana wanke-wanke, har takan taka zuwa bakin titi ta ɗauko wasiƙu ita kaɗai. Verna ta duba wannan duka, ta ce a ranta gobe ta gaya mata. Goben ta yi ta matsawa.

Wata Laraba bayan an ci abincin rana waya ta yi ƙara. Opal ce.

"Verna, ke ce da gasa kolace, burodin nan namu mai zaƙi, na liyafar coci, kada ki ce ban gaya miki ba. Wanda Irma ta gasa bara har yanzu wasu na jinyar haƙori."

"Ai ke kika ce a ba ta dama."

"Na tuba. Mai alawar aful ɗin nan za ki yi, ban da na cuku, fasto ba ya so amma ba zai iya faɗa ba. Af, mai gas ya iso kuwa?"

"Wane mai gas?"

"Sabon direba, wai. Ya bugo nan ɗazu yana neman gidanki."

Tankin gas ɗin Verna cike yake tun watan jiya. Ta jawo kujera ta zauna.

"Me kika ce masa?"

"Haba, kin san ni. Na ce ni ba na yi wa baƙo kwatancen gidan Verna Hruska, ko shugaban ƙasa ne. Ya yi dariya, ya ce na yi daidai, shi ma ba kwatance yake so ba, lambar allon kawai yake so don ofishinsu. Sai na juya na karanto masa a taswira, da sunan titin nan nasu na banza. Shi ke nan. Ko kalma ɗaya ta hanya ban faɗa masa ba."

Da gaskiyarta take magana. Opal mace ce da za ta yarda a yanke mata harshe kafin ta ce wa baƙo ya karya kwana hagu a wajen makaranta. Amma lambar a wurinta daidai take da lambar takalmi, abu ne da ake tambaya a faɗa, ba ya kai kowa ko'ina.

"Yaya muryarsa take?"

"Mai ladabi. Yana ɗan jan magana irin ta mutanen kudu, wajen su Texas. Verna?"

"Opal, lambar ita ce kwatancen."

"Kamar yaya? Lamba fa?"

"Daga ina ya bugo?"

"Ya ce... ya ce yana gidan man kan babban titi. Wayyo Allah. Verna, me na yi?"

Verna ta kife wayar. Ta leƙa taga. Saman masarar fes yake tukuna.

Lorene na bayan gida tana shanya. Verna ba ta yi wani kewaye-kewaye ba.

"Royce yana gundumar nan, kuma wannan karon ya san hanya. Ga makullin tsohuwar a-kori-kura."

Rigar da ke hannun Lorene ta faɗi a ciyawa. Fuskarta ta koma irin wadda ta iso da ita bara, kamar duk watannin nan aro aka ba ta an zo karɓa.

"Ta yaya?"

"Ba lokacin ta yaya ba ne. Kada ki bi titi, za ku yi karo. Ki bi ta bayan garke, ki ratsa makiyaya, ki tsallake rafin ta inda shanu ke bi, ki fita ta ƙyauren Kucera. Ciyawa ba ta tayar da ƙura, amma in kika taka mai da ƙarfi za a ji. A hankali. In kin hau kwalta ki yi arewa, kada ki tsaya gaida kowa."

"Kayana..."

"Jakar hannunki kawai. Tana kan tebur, na gani."

"Ke fa, Gwaggo? Mu tafi tare."

"In ya tarar da gida ba kowa zai bi sawu nan take. In ya tarar da ni sai ya tsaya magana."

"Ba ki san shi ba."

"Yau zan san shi. Wuce."

Motar ta yi tari sau biyu kafin ta tashi. Verna ta buɗe mata ƙyauren makiyaya, ta rufe, ta sa kwaɗo, ta jefa makullin cikin kwamin ruwan shanu. Sannan ta koma kicin ta buga lambar kiran gaggawa.

Wata yarinya ce ta amsa, muryar da Verna ba ta sani ba. Da can matar ɗan sandan gunduma ce ke ɗaukar waya, in ka ce ni ce ta gane ka. Yanzu an haɗa gundumomi uku an ba su ofishi ɗaya a wani gari.

"Verna Hruska ce. Akwai mutumin da ke tafe gidana, yana neman matarsa ya kashe ta. A turo ɗan sanda."

"To, Iya, ki kwantar da hankalinki. Mece ce lambar gidan?"

"Hanyar Dolezal, gabas da inda rumbun ya ƙone."

"Ban san nan ba, Iya. Ba a gama haɗa wayoyin ƙauye da na'urarmu ba, ba na ganinki. Lambar da ke kan shuɗin allonki nake so."

Verna ta buɗe baki. Sha huɗu ne da wani abu. Ko sha uku? Akwai takwas a ciki. Allon na can bakin titi, ƙarshen doguwar hanya, kuma da ta ɗaga kai sai ga ƙura ta taso daga arewa. Ba gudu take ba, ba kuma lalube take ba. Tafiya ce ta wanda ya san inda za shi.

"Ki buga shagon Opal a Zelenka," in ji Verna. "Ita ta san ta. Kyauta ma take raba ta."

Ta ajiye wayar. Bindigar marigayi mijinta na bayan ƙofar ɗakin ajiya. Ta tsaya a gabanta, ta dube ta, ta bar ta a nan. Ta ɗauki kwanon wake, ta fita baranda ta zauna tana ɓarewa.

Ƙurar ta rage gudu daidai inda ya kamata. Ba ta wuce ta dawo ba, ba ta yi shakka ba. Sai ƙarar taya a kan tsakuwa, tana matsowa ta tsakiyar masara.

Ƙaramar mota ce ta birni, mai ƙasa-ƙasa. Mutumin da ya fito ba ƙato ba ne. Rigarsa a goge take, a soke cikin wando. Ya rufe ƙofar motar a hankali, ya cire hula.

"Sannu da hutawa, Gwaggo."

"Ni ba gwaggonka ba ce."

"Gwaggon matata ai tawa ce." Ya dubi gidan, ya dubi rumbu, ya gyaɗa kai kamar mai shirin saye. "Wuri mai kyau. Kin san bara na sha wuya a gundumar nan? Kowa da kirki, kowa na son taimako, amma har mai ya kusa yanke mini ban ga ko kyanwarki ba. Bana kuwa ko tagar mota ban sauke ba. Hukumarku ta yi ƙoƙari, gaskiya."

"Ba ta nan."

"Wa?"

Verna ta ci gaba da ɓare wake.

Ya tako ya tsaya a ƙasan matakala. Daga nan ana hango teburin kicin ta ragar ƙofa, da kofuna biyu a kai. Ya kalle su, ya kalli Verna, ya yi murmushi. Sannan ya kewaya bayan gida, hannuwa a aljihu. Ta ji takunsa, ta ji ya tsaya. Da ya dawo rigar nan da ta faɗi a ciyawa tana hannunsa, ya kakkaɓe ta, ya ninke ta da kyau, ya ɗora a kan dogarin baranda kusa da gwiwarta.

"Ta yi miki kaɗan, Gwaggo."

"'Yan sanda na tafe."

"Madalla. Me na yi? Na zo gaida surukata." Ya juya wajen makiyaya. Sawun taya biyu na kwance a cikin ciyawa, sun gangara sun ɓace a bayan tudu. "Wannan hanyar ina ta nufa?"

"Inda shanu ke zuwa."

Ya je ya taɓa kwaɗon, ya daɗe yana kallon sawun, ya waiwayo ya dubi motarsa. Ko ƙyauren a buɗe yake, motar ba za ta tsallake rafin ba, shi ma ya gane haka. Verna ta ga jijiyar wuyansa ta tashi, ta kwanta. Waken da ke hannunta ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin kujera, ba ta bi shi ba.

Ya dawo ya tsaya dab da ita, har tana jin ƙamshin man askinsa.

"Ba komai," in ji shi. "Ni mai haƙuri ne, ita ma ta sani. Ba ta da kowa sai ke. Za ta gaji, ta yi kewar gida, ta dawo. In kin yi rashin lafiya za ta dawo. In kin mutu ma za ta zo jana'iza." Ya mai da hularsa. "Gida kuwa ba ya tafiya ko'ina. Ki gaishe ta."

Bai daɗe da fita ba ɗan sandan gunduma ya iso, wani saurayi sabon ɗauka. Abin da ya fara faɗa shi ne bai sha wuyar gano gidan ba ko kaɗan, tun da aka ba shi lambar ko kwana ɗaya bai kuskure ba. Ya saurari Verna, ya sosa ƙeya. Mutumin ya taɓa ta? A'a. Ya shiga gida? A'a. Ya fasa wani abu? Ya ninke riga. Saurayin ya ce za su sa ido, in ya dawo ta kira.

Washegari Delbert ya zo, ya tsaya a tsakar gida yana murza hula a hannu. Opal, in ji shi, ta yage taswirar daga bango, tun jiya take kuka, ta ƙona miya har sau biyu.

"Akwai dabara," ya ce. "Tun da bakin hanya ake aunawa, in kika toshe wannan kika buɗe wata ta kudu, lambar ta sauya. Ni zan kawo motar gyaran hanya da kaina, ba sai hukuma ta sani ba sai an gama."

"Royce ya riga ya ga rufin, ɗan Kucera."

Delbert ya sa hularsa, ya juya zai tafi.

"Ka ce wa Opal ta mai da taswirar," in ji Verna. "Gobara ba ta san abin da ya faru ba. Ka kuma ce mata zan yi kolacen."

Aka yi kwanaki ba labari. Aka fara yankan masara, gonaki suka buɗe, gidan ya fito fili ana hango shi tun daga nesa. Sau biyu mai raba wasiƙu ya ce ya ga wata ƙaramar mota a gefen titi, mutum na zaune a ciki yana cin abinci, ya ɗaga masa hannu da fara'a.

Ranar wata Lahadi da la'asar waya ta yi ƙara. Verna ta ji ƙarar manyan motoci a bayan muryar, ta gane wayar bakin hanya ce.

"Gwaggo, ni ce."

"Kina lafiya?"

"Lafiya lau. Motar ta yi zafi sau ɗaya, wani tsoho ya zuba mata ruwa. Na sami aiki a wani wurin wanki, matar tana da kirki, ta ba ni ɗaki a sama. Garin ƙarami ne, sunansa..."

"Kada ki faɗa mini."

"Gwaggo, ke ce fa."

"Ni ce. Opal ma ita ce. Kada ki faɗa mini sunan garin, ko jihar, ko abin da kike hangowa ta taga. Kada ki aiko wasiƙa. In kin bugo, ki bugo daga wani wuri dabam kowane lokaci."

Wata babbar mota ta wuce a can inda Lorene take.

"Ya zo, ko?"

"Ya zo, ya tafi. Bai taɓa ni ba."

"Yaushe zan dawo?"

"Ba za ki dawo ba."

"Ko Kirsimeti?"

"Ko an ce miki ina asibiti. Ko an ce miki an sa ranar binne ni. Musamman ma ranar."

Sai ta ji yarinyar na kuka a hankali, irin kukan wanda ya saba yi kada a ji. Verna ta riƙe bakin tebur ta jira.

"To in wani abu ya same ki fa? Ta yaya za ki neme ni?"

"Ba zan neme ki ba," in ji Verna. "Abin da ake so ke nan. Kina cin abinci kuwa?"

"Ina ci."

"Ki sayi rigar sanyi mai kauri tun yanzu, kada ki jira sai..."

Layin ya yanke, kuɗin wayar ya ƙare. Verna ta ci gaba da riƙe ta a kunne har ta fara ƙara mai tsini, sannan ta mai da ita. Ta hau bene a hankali, tana dafa bango, ta shiga ɗakin Lorene ta fara yaye zanen gado.